Baƙin Man Baba

Hayaƙi na tashi daga bonet ɗin mota, Baba kuwa yana tsaye a gefen titi yana fifita da hularsa.

"To, 'yar boko, ga abin da wa'azinki ya jawo mana."

Da 'yarsa Auta yake. Ita ce ta hana shi sakat a gida, kullum tana faɗa masa cewa baƙin mai mai araha yana cinye inji a hankali. Da ya ƙi ji, bara ta sayo masa galan na mai tsada da albashinta na farko. Idan injin nan ya buga, motar gidan kenan guda ɗaya, kuma har abada ba za ta sake buɗe baki ba.

Bakaniken da suka kira ya zaro gejin mai, ya ga abu baƙi ƙirin kamar kwalta.

"Baba, yaushe rabonka da juyen baƙin mai?"

"Tun da ta ce mai araha guba ne, na daina saye."

"Wanda na kawo maka fa?" in ji Auta.

Baba ya zagaya ya buɗe but. Ga galan nan naɗe cikin tawul, ko murfinsa ba a ɓalle ba. Ya shafa shi kamar jariri.

"Haba Auta! Mai irin wannan a zuba wa wannan akwalar? Ai ajiye shi na yi sai na sayi sabuwa."