Hoton Lantana, Baitin Tanimu

Tun da na'ura ta iya ƙirƙiro hoton komai, aka kafa doka: duk hoton da wanda ya gani bai rera wa baiti da bakinsa ba, ana goge shi bayan kwana arba'in.

Ranar Talata Lantana ta riƙo hannun mijinta Tanimu zuwa ofishin tantancewa. Shekara talatin ke nan tana ɗauka, shi yana waƙewa. Hoton yau na kasuwar unguwarsu ne da aka rushe, kuma babu wani sai shi.

Ma'aikaciyar ta dubi yanar da ta rufe idanunsa. "Baba, doka ta ce sai wanda ya gani."

"'Yata, ina wurin. Ki saurara."

Ya rera, yana kiran masu rumfuna ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Mutanen da ke layi, kowa rungume da hoton mamacinsa, suka yi tsit. Ma'aikaciyar ta buga hatimi.

A bakin ƙofa Lantana ta gyara masa hula, tana murmushi.

"Malam, ka tsallake Garba mai nama."

"Ai ba ya ciki. A bayanki yake tsaye lokacin da kika ɗauka, na ji muryarsa."

Ta duba hoton. Babu Garba.