Can da Nan Duk Ɗaya Ne

Ranar da yaƙi ya shigo Injamena, harsashin igwa ya faɗa gidan maƙwabcin wani malami a unguwar Bololo, jini ya fantsamo har kan tabarmarsu. Kafin ƙura ta lafa, matar malamin ta suri jaririnsu ta faɗa cikin kangon.

"Malam, ɗauko Inna! Harsashi ba ya faɗuwa wuri ɗaya sau biyu!"

Shi kuwa malamin lissafi ne. Ya daɗe yana koya wa ɗalibai cewa kwabon da aka cilla sama bai san fuskar da ya nuna ɗazu ba, kuma harsashi ma haka yake. Ya gyara wa mahaifiyarsa shimfiɗa.

"Inna, yi kwanciyarki. Can da nan duk ɗaya ne. Bari in dawo da ita."

"To, kai ka sani, ɗana."

Ya tsallake gawar maƙwabcin, ya kama hannun matarsa. Sai wata ƙara ta kifar da su. Da ya ɗago, ɗakin Inna ya rufta, wuta na cin azara.

Yana tonon ɓaraguzai da farce yana sake bin lissafin a ransa. Babu kuskure ko ɗaya a ciki.