Mata Talatin a Kan Matakala

Igiyar takalminta ta tsinke, an kama ta da fil. Abin da na fara gani ke nan da aka shigo da wata tsohuwa harabar majalisar ƙasa. Ita ce mace ta farko da ta ci kujera a nan, shekara arba'in da suka wuce. An gayyato ta ɗaukar hoto da 'yan majalisa mata na bana.

Mun jeru a kan matakala. Ta ƙirga mu da yatsa, ta sake ƙirgawa.

"Talatin!" Hawaye suka zubo mata. "Ni kaɗai na fara, ko banɗakin mata babu. Da na bar nan mu bakwai ne. Ashe jifan da na sha bai tafi a banza ba."

"Mama, kukan ya isa, kar ki jiƙa min hoto," in ji mai hoto.

Aka zaunar da ita a gabana. Ta waiwayo ta kama hannuna.

"'Yata, da ƙuruciyarki haka! Wace mazaɓa kike wakilta?"

Shugaban sashenmu ya ja mana kunne tun safe, kada mu tona asiri. Amma na kasa yi wa sa'ar kakata ƙarya.

"Mama, a ɗakin karatu nake aiki. Cewa aka yi mu ci ado mu cika hoton."

"To, 'yan majalisar su nawa ne?"

"Huɗun nan da ke zaune gefenki."

Ta saki hannuna a hankali. Mai hoto yana "ɗaya, biyu," ta miƙe ta nufi ƙofa.