Jan Tsuntsu a Hancin Dutse

Na rantse ba za ku yarda ba, amma Leander Pittman ya sauka gangaren Hancin Dutse da igiya ɗaya tal, tsuntsun katako goye a bayansa, teku na tafasa a ƙasa. Duk gaɓar tsibirin Newfoundland babu mai irin wannan zuciya. Mutumin da ya bar makaranta a aji shida, ranar da ya cusa ɗanyen kifi a aljihun malami, ba tsayi ne zai razana shi ba.

Ya kafa tsuntsun a tsakiyar dubban ganet, fararen tsuntsayen tekun da ke sheƙa a wurin. Nasa kuwa ja ne wur, jan fentin kwale-kwale. Daga mil guda ana hango shi.

Don yayansa Ambrose ya yi. Ambrose ne mai gadin tsuntsayen, shekara talatin da ɗaya, a ɗan gidan hukuma da ke ƙarshen hanya. Tun da aka binne matarsa Philomena a watan Afrilu, mutum ya koma kamar turken shinge. Kullum da safe zai bi igiyar gefen hanya, ya zauna a bencin da suka saba zama su biyu, madubin hangen nesa rataye a wuya, har shayinsa ya huce. Ba kuka, ba faɗa. Ga shi ana raɗe-raɗin cewa in kaka ta yi, hukuma za ta duba ko tsohon zai ci gaba ko a karɓi gidan. Leander so yake ya farkar da shi kafin lokacin, ko da zagi ne.

Washegari ya zo ya zauna gefensa yana danne dariya.

"Yaya, yau babu baƙo a dutsen naka?"

Ambrose ya karkata kai. "An fara ƙyanƙyasa ta gabas. Babban kifin nan kuma ya dawo, yana huci a bakin ruwa. Baƙon ke nan."

Haka ne kuwa. Can ƙasa wani baƙin baya mai tsawon mota biyu ya taso, ya fesa ruwa, ya nutse. Jan tsuntsu na tsaye a gabansu kamar tuta, ko kallo bai samu ba.

Da wani ne, da ya haƙura. Leander ya sassaƙa na biyu, ya ɗora masa hula. Na uku ya sa masa lofe a baki. Kowace sauka sai ganet sun caccake shi a ka, yatsunsa su sandare har ya daina jin igiyar.

"Yaya, ka ga wani abu?"

"Hazo na tafe. Sha shayinka, sarkin surutu."

Mako uku a haka. Yanyawa ta riƙa ratsa ciyawa tana neman ƙwai, karnukan teku na kwance a kan duwatsu kamar buhuna, 'yan'uwa biyu na zaune a benci. Leander ya lura shi ma dariyar ta bar shi. Da safe zai zo, ya zauna, ya tashi, bai ji komai ba. Ya yanke cewa Ambrose na gani sarai, kawai duniyar ce ta fita ransa, har da ƙanen nasa.

Kuskurensa ɗaya, baki. Ya ba da labarin a kantin ƙauye sau huɗu, kowane karo gangaren na ƙara tsawo. Wasu baƙi kuma suka ɗauki hoton mai hular.

Ranar Talata sai ga Thomasina Hynes daga ofishin kula da namun daji, da hoton a hannu. Ta same su a benci.

"Leander, ba sai na tambaye ka ba, fentin na nan a farcenka. Ka tashi tsuntsaye daga kan ƙwansu don ka yi wasan yara." Ta juya ga tsohon. "Kai ne damuwata, Ambrose. Gumaka uku jajaye a dutsenka, mako uku, babu ko layi ɗaya a rahotonka. Ko dai aikin ya fi ƙarfinka?"

Gidan da Leander ya zo ceta, shi ne ya miƙa mata shi a faranti.

Ambrose ya juya kofin a hannu.

"Thomasina, uwa ɗaya ta haife mu. So kike in kai ƙarar ƙanena da hannuna? Wawa ne, amma nawa ne."

Ta yi ajiyar zuciya, ta ninke hoton. Hukunci ya faɗa kan Leander: ya sauko da gumakansa bayan 'ya'yan tsuntsayen sun tashi, kafin nan kuma kullum ya zo ya yi wa mai gadi hidima daga safe zuwa yamma, babu ko kwabo. In ya yi fashin kwana ɗaya, kotu.

Suka saurari motarta har ƙararta ta ɓace.

"To, ashe kana gani," in ji Leander. "Mako uku ina sauka dutse kamar akuya, ka bar ni ina ta..."

"Matso kusa." Ambrose ya miƙa hannu, ya laluba iska sau biyu kafin ya kama hannun rigarsa. "Fara daga hagu, ka faɗa mini abin da ke kan dutsen, sannu-sannu, har da gumakan naka. Haka Philomena ta riƙa yi mini tun da idanuna suka tafi, yau shekara shida."