Busasshiyar Riga

Saura jifa ɗaya 'yan matan kwalejin su haye wasan ƙarshe na ƙwallon sanda, wanda ake jefa ƙwallo abokiyar hamayya ta yi ƙoƙarin dukanta da sanda, sai Koci Loretta ta zare agogonta a ɓoye, ta cusa a jaka.

"Darlene! Hannun taliya gare ki ne? Jefa mana!" ta daka wa mai jifa tsawa.

Mataimakinta Wendell kuwa cewa ya yi, "Ja numfashi, 'yata. Ko kin ɓarar, duniya ba ta tashi ba."

Haka suke, ita wuta, shi ruwa. Amma ai wutar ce ta dafa 'yan matan har suka kawo nan. Yau in an ci, ita za a juye wa kular ruwan ƙanƙara a ka, yadda ake yi wa duk kocin da yaransa ke ƙauna. Tsohuwar riga ma ta sako saboda haka. A gida babu mai jiranta sai talabijin.

Darlene ta jefa, sandar abokiyar hamayya ta daki iska, fili ya kaure da ihun nasara.

Loretta ta hango 'yan matan sun kinkimo kular. Ta juya baya kamar ba ta gani ba, ta runtse ido.

Sai ta ji an taɓa kafaɗarta a hankali.

"Koci, ɗan matsa don Allah," in ji Darlene. "Kada ya fallatsar miki. Mun san ba kya son wasa."

Ta matsa. Suka juye wa Wendell, ya jiƙe sharkaf yana dariya.

A hoton nasara, ita kaɗai ce rigarta a bushe.