'Ya'yan da Na Kai Hoto

"Malam, ina ka ɓoye su?" Mai ɗakina ce ta ci kwalata a ƙofar ɗakin hoton asibiti.

Ashe jiya ta ji ni a waya ina gaya wa ƙanena zan kai 'ya'yan nan biyu hoton MRI, ɗayan ya kumbura. Mu kuwa namu duk sun yi aure.

"Ko ka nuna min su da uwarsu, ko ka ba ni takardata!"

Ni bakina bai saba kama sunan abin kunya ba. Ana cikin haka sai likita ya leƙo.

"Baba, 'ya'yan marainanka ba su da ƙari, ruwa ne ya taru."

Ta sake ni tana salati.

Na ce, "Ai kin riga likita saninsu."