Sefa a Cikin Hula

Zauna nan, Malam Ilu, ka sha iska. Ɗazu ina jin ka a rumfar canji kana yi wa baƙon nan dariya don kuɗin ƙasarsu sun faɗi, har kana fifita da takardunsa. Abin bai yi mini daɗi ba, amma ba faɗa zan yi maka ba, misali zan ba ka.

An yi waɗansu taubasai biyu da iyaka ta raba, ɗaya manomin albasa a ɓangaren Najeriya, ɗaya dillalin dabbobi a ɓangaren Nijar. Tsakaninsu tafiyar hantsi ce a ƙafa. A wancan zamani naira ce ke sharafinta, in ka shiga kasuwar ƙetare da ita ko mai tsire sai ya gyara tsayuwa. Duk shekara in watan cika-ciki ya kama, dillalin yakan tako ya kawo wa taubashinsa kuɗin shara kamar yadda al'ada ta ɗora masa, takardar sefa ta jika guda, wato sefa dubu. Shi kuwa manomi, da ma bakinsa ba linzami, sai ya ɗaga takardar ya duba ta a rana, ya ce ga faɗi kamar tabarma, amfani kuwa babu. Don ya ƙara ƙular da ɗan'uwansa, sai ya cire hularsa ta babbar salla a gaban jama'a, ya naɗe takardar ya zagaya ta a ciki yadda ake sa kwali don hula ta tsaya, ya mayar da hular kansa. Ya ce iyakar aikin da sefa za ta iya ke nan. Dillali ya yi dariya, ya sha fura, ya koma gida. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, sabuwar hula sabuwar sefa. Wadda ta tsufa uwargida ta jefa a adaka da takardarta a ciki, don ba wanda ya ga abin ya kai a tsaya zarewa.

A kwana a tashi naira ta kwanta ciwo. Aka sauya mata launi, aka rufe iyaka, aka buɗe, ita dai sai ramewa take yi. Wata shekara albasa ta yi kyau irin wanda manomin bai taɓa gani ba, an cire an tara a fadama, sai jakinsa ya kwanta bai tashi ba. Ka san albasa ba ta san haƙuri ba, in ta daɗe a tare ruɓewa za ta yi, ga shi mota ba ta shiga fadamar. Wahalar shekara guda ce zube a ƙasa. Ya cika aljihu da naira ya ƙetara kasuwar jakuna. Masu jakuna suka ce su sefa suka sani. Ya je wurin 'yan canji, abin da suka ce za su ba shi bai kai rabin kuɗin jaki ba. Ya ja ƙafa zuwa gidan dillali cike da kunya, ya zayyana masa halin da yake ciki. Dillali ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya dubi kan manomin ya ce, “Taubashi, ina sauran hulunan nan naka?”

Wallahi da gudu manomi ya koma gida, dattijo da gemunsa. Ya kife adaka a tsakar gida, shi da uwargida suka zauna suna zare takardu daga tsofaffin huluna. Duk sun yi ja, suna warin gumi, ɗaya ma ɓera ya ɗanɗana gefenta, amma sefa ce ba ta fasa zama sefa ba. Ya koma kasuwa ya haɗa da abin da ya canza, aka ƙirga, saura kaɗan ya cika. Sai ya kai hannu ka, ya cire hular da ke kansa ya zaro ta ƙarshe. Mai jaki ya toshe hanci ya karɓa. Haka ya shigo gari bisa sabon jaki, hula ta langaɓe masa har kunne, mutane na dariya shi ma yana yi. Albasa ta isa kasuwa ba ta ruɓe ba.

Da a nan dillali ya tsaya, da ya ci riba. Amma ɗan'adam ne, sai shi ma bakinsa ya buɗe. Duk inda ya zauna labarin hula yake bayarwa, yana cewa naira ko kunna wuta ba ta yi. Ba a daɗe ba aka wayi gari rediyo na shelar an karya darajar sefa, abin da ke aljihun kowa ya koma rabi ba tare da ɓarawo ya shiga gida ba. Dillali ya kwana biyu bai leƙa kasuwa ba. Sai ga aike daga taubashinsa: sabuwar hula a tsaye ƙyam, da takardar naira naɗe a ciki, wai ya sa a adaka, wata rana sai labari.

To, Malam Ilu, baƙon da ka yi wa dariya yana nan bai bar kasuwa ba, ka neme shi ka ba shi haƙuri. Hausawa sun riga sun gama magana: duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.